Layin dogo biyar sun ɗauki sunan Nijar, ba wanda ya iso mu: abin karantawa da kallo kafin jirgin Kano ya shigo Maraɗi



Kwanan baya ina zaune wurin mai shayi, wani yaro ɗan lise ya matso ya gaishe ni, ya ce tun da ana ta zancen jirgin ƙasa zai taso daga Kano ya shigo Maraɗi, shi kuwa bai taɓa ganin jirgin ƙasa da idonsa ba sai cikin waya, wane littafi zai karanta ko wane fim zai kalla ya san tarihin abin. Na ce ya ba ni kwana biyu. Kwana biyun sun zama sati uku, don ina fara tono sai na tarar zancen ya fi ƙarfin amsar bakin teburin shayi. Ga abin da na tattaro masa, na ce bari in raba da ku, wataƙila akwai irinsa da yawa.

Abu na farko da zai ba mutum dariya, ko haushi, shi ne sunaye. Zamanin mulkin Faransa an shimfiɗa dogo huɗu daga bakin teku, kowane da kalmar "Niger" a wutsiyar sunansa: Dakar-Niger, Conakry-Niger, Abidjan-Niger da Bénin-Niger. Na biyar kuma aka so ya keto Sahara daga Aljeriya, aka sa masa Méditerranée-Niger. To, gaskiya kogin ake nufi, wanda muke ce wa Kwara, ba ƙasarmu ba. Amma ko da hakan, biyu daga cikinsu an sha zana su a takarda har Yamai. Na Dakar ya tsaya Kulikoro a ƙasar Mali, ya isa can a 1904. Na Konakiri ya tsaya Kankan a 1914. Na Abijan, wanda aka fara a 1904, sai 1934 ya kai Bobo, sai 1954 ya kai Wagadugu, daga baya Thomas Sankara ya tara jama'a da hannunsu suka tura shi wajen Kaya. Na Kwatano ya ja jiki ya kai Paraku a 1936, kilomita 438, ya zauna nan har yau. Mu kuwa muna arewa muna jira.

Na Sahara shi ya fi ban mamaki, kuma wanda ke jin Ingilishi ya nemi littafin Douglas Porch mai suna The Conquest of the Sahara, na 1984. A ciki akwai labarin Kanar Flatters, wanda Faransa ta aika ya auna hanyar da dogo zai bi daga Aljeriya zuwa ƙasar baƙar fata. Ya taso daga Wargala da mutum wajen 90, ya nufo kudu. A watan Fabrairun 1881 Abzinawan Ahaggar suka rutsa da shi bakin wata rijiya suka kashe shi, waɗanda suka tsira suka koma arewa da ƙafa, yunwa da ƙishirwa suka cinye mafi yawansu. Wannan ya kwantar da zancen shekaru da dama. Sai a 1941 gwamnatin Vichy ta tono shi, ta sa fursunoni, cikinsu har da Yahudawa da ƴan gudun hijirar Sifen, suka yi ta fasa dutse a hamada wajen Bashar. Dogon bai yi nisa ba, yashi ya binne abin da ya binne. Porch ya iya ba da labari, kamar kana sauraron tsoho da dare, sai dai idonsa na kan hafsoshin Faransa, mutanen hamada kuwa daga nesa yake hango su. A karanta da wannan a rai.

Yanzu ga inda nake son ku tsaya da kyau. Jirgin da ya juya rayuwar Damagaram da Katsinar Maraɗi ba ya cikin biyar ɗin nan. Na Ingilishi ne, wanda ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga ƴan kasuwa a 1912. An fara shi daga Baro a bakin Kwara, zamanin Gwamna Girouard, wanda shi kansa injiniyan dogo ne, sannan aka haɗe shi da wanda ya taso daga Ikko. Daga baya ya yi rassa biyu da suka matso iyakarmu: Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930. Bai taɓa taka ƙasar Nijar ba ko da taku ɗaya, amma ya yi mana abin da bindigar Nasara ba ta yi ba.

Wanda ya fi kowa bayyana wannan shi ne Stephen Baier, cikin An Economic History of Central Niger, na 1980. In da za a ce in zaɓi littafi ɗaya a fassara shi da Hausa a karanta a gidajen rediyonmu, shi zan zaɓa. Kafin jirgi, Zinder zango ce babba a kan hanyar Tarabulus zuwa Kano. Ayari na fitowa daga bakin Bahar Rum, ya bi ta Gadamas da Gat, ya sauko Ayar, ya huta Damargu, ya shigo Damagaram, ɗauke da yadi, takarda, sukari, turare, duwatsun ado. Ya koma da fatu, da gashin jimina, da hauren giwa. Tafiyar wata da watanni ce, kuma kowane zango akwai mai ci: mai raƙumi, madugu, fatoma, dillali, mai sayar da hatsi, har sarki da ke karɓar fito. Da jirgi ya iso Kano, yadin da ake ɗaukowa a bayan raƙumi sai ga shi ya zo ta teku zuwa Ikko, ya hau tarago, ya sauka Kano cikin ƴan kwanaki, a kuɗin da raƙumi ba zai iya gasa da shi ba. A shekarar nan ta 1911 kuma Italiya ta faɗa wa Tarabulus da yaƙi. Baki biyu na hanyar suka toshe kusan lokaci guda. Ciniki na ɗaruruwan shekaru ya mutu cikin ƴan shekaru kaɗan, Zinder da ke tsakiyar hanya ta wayi gari a gefen hanya. A 1926 kuma aka ɗauke babban birni aka kai Yamai. Wannan na biyun yana da nasa dalilan na siyasa da na ruwan sha, amma garin da kasuwarsa ta karye ba shi da bakin gardama.

Abin da na fi so wurin Baier shi ne bai tsaya kuka ba. Ya bi sawun mutanen ya ga inda suka sa kansu. Masu raƙuma suka juya akala kudu, suka koma dakon gyaɗa da fatu zuwa bakin dogo. Masu dabbobi suka riƙa kora shanu da tumaki Kano da gaba. Fuskar ƙasar da ke kallon arewa ta juyo tana kallon kudu, kuma har gobe haka take. Duk ɗan kasuwar da ke tashi da asuba ya duba nawa naira ta kwana a kan sefa, jikan wannan juyin ne ko bai sani ba.

Sai littafin Jan Hogendorn, Nigerian Groundnut Exports, wanda aka buga a 1978. Sunan ba daɗi, kamar rahoton ma'aikata, amma labarin ciki ya fi sunan nesa. Ingilishi fa ba don gyaɗa suka kawo jirgi Kano ba. Auduga suke so, don masaƙun Lankasha, har sun kafa injin gurzar auduga a Zariya suna jiran a cika musu taragu. Manomi ya yi nasa lissafi. Masaƙan Kano na sayen auduga da tsada fiye da Bature, to don me zai kai masa? Gyaɗa kuwa, ko gujiya kamar yadda muke cewa nan, tana son jigawa, ana shuka ta tsakanin gero, in kasuwa ta faɗi a ci ta, a yi mai, a yi ƙuli-ƙuli, harawarta a ba dabba. Auduga in ba ta sayu ba, ko akuya ba ta ci. A can Turai kuma an gano yadda ake daskarar da man tsiro ya zama kamar man shanu, masana'antu na neman gyaɗa ido rufe. Su wa suka haɗa manomi da wannan kasuwa? Fataken goro ne, masu zuwa Gwanja, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda da ma suna da yara a ƙauyuka, suna da jari, sun san wa za a ba bashi. Suka baza labari, suka raba kuɗi da gishiri da yadi tun kafin damina. Gyaɗar da Najeriya ta fitar ba ta kai tan 3,000 ba a 1912, a 1913 ta haura tan 19,000. Buhuna suka cika filin tasha har reluwe ta rasa taragun kwashewa. Daga irin wannan jibgi ne dalar gyaɗa ta samo asali, kuma daga cikin fataken nan ne Alhasan Ɗantata ya fito, wanda ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma.

Ku lura da wannan da kyau, don shi ne abin da ya shafi Maraɗi ta yau. Mai dogo ya zo da nufinsa, mai gona da ɗan kasuwa suka loda masa abin da suka ga dama. Kuma bayan shekarar albarkar nan sai fari ya biyo, aka yi yunwar 1914 da tsofaffi ke kira Ƙaƙalaba, wanda ya ba gyaɗa gonarsa duka ya gane kurensa.

Na uku, kuma wannan da Faransanci yake, kowane ɗan makarantarmu zai iya karantawa: Les Alhazai de Maradi na Emmanuel Grégoire, 1986. Ana samunsa kyauta a rumbun intanet na cibiyar IRD, ba sai an aika Faransa ba. Ba littafin jirgin ƙasa ba ne kai tsaye, amma inuwar dogon Kano na bisa kusan kowane shafi na farkonsa. Ya nuna yadda Maraɗi, garin mayaƙa da ke cikin fadama, ta zama garin awo: kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA suka buɗe kanti, Kwarori suka shigo, ƴan gari suka zama masu saye musu gyaɗa a ƙauye, gyaɗar kuma ta bi ta Katsina zuwa Kano ta hau jirgi. Ruwan 1945 ya cinye tsohon gari, aka hau tudu aka yanka sabon gari da tituna miƙaƙƙu. A shekarun 1950 Faransa ta ga arzikin ƙasar da take mulki yana bin dogon Ingilishi, sai ta ƙirƙiro abin da ta kira Opération Hirondelle: manyan motoci su kwashi gyaɗa su yi yamma, su bi ta Doso da Gaya su sauke Paraku, su juyo da kayan kanti, gwamnati na cike gibin kuɗin dako. Ku duba taswira ku ga wannan zagaye. Kano na nan kusa, ƙasa da kilomita 300, amma aka ce buhu ya yi tafiyar da ta ninka haka sau da yawa don kada ya hau taragon maƙwabci. Daga nan ne aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Dahomai da Nijar a 1959, wadda daga baya aka sani da OCBN. Mu ne ƙasar da ta yi shekaru tana da kaso a kamfanin jirgin ƙasa alhali ba ta da dogo. Mutanen Tawa sun san sauran labarin, don shekara da shekaru motocin yuraniyom daga Arlit ta gabansu suka riƙa wucewa, su ma Paraku suka nufa.

To wa ya shimfiɗa ƙarafan? Nan ne littattafan injiniyoyi ke yin shiru. Akwai babban aikin Francis Jaekel, tsohon ma'aikacin reluwe, The History of the Nigerian Railway, mujalladi uku, 1997. Wanda ke son sanin kowace gada da kowane kan jirgi da lambarsa, can zai ƙoshi. Ni dai na gaji kafin in kai rabi. Kalmar "diga" da ta zauna cikin Hausa, da "ƴan diga", ta fi gaya mani abin da ya faru: sarakuna aka ɗora wa kawo mutane, kowane gari da adadinsa.

Amma inda abin ya kai maƙura shi ne Kwango ta Faransa. Dogon Congo-Océan, daga Pointe-Noire zuwa Birazabil, kilomita 500 da ɗan ɗori, an fara 1921 an gama 1934. Mafi ƙarancin ƙiyasi ya ce mutum 17,000 suka mutu wurin aikin, wasu masana sun ce abin ya wuce haka sosai. Da mutanen wurin suka ƙare ko suka gudu daji, sai aka hau har kudancin Cadi aka riƙa kamo Sara, mutanen fili da gero kamar mu, aka zuba su cikin kwale-kwale aka kai su kurmin Mayombe inda ruwa ba ya ɗaukewa, abincin da ba su saba ba, ba magani, suna sare itace da fasa dutse da hannu. Ɗan jarida Albert Londres ya je ya gani, ya rubuta Terre d'ébène a 1929, hukumomin mulkin mallaka suka yi masa ca. André Gide ma ya taɓo zaluncin kamfanonin yankin cikin Voyage au Congo na 1927. Londres zan ce a fara da shi: jimlolinsa gajeru ne, da zafi, ɗan aji uku na kwaleji zai bi shi. Sai dai shi ma ɗan zamaninsa ne, akwai wuraren da yadda yake siffanta baƙar fata zai sa ka ajiye littafin ka yi tsaki. Wanda ke son cikakken bincike na zamani, akwai In the Forest of No Joy na J. P. Daughton, 2021. Kada a karanta shi da dare. Aikin tilas ɗin nan sai a watan Afrilun 1946 aka soke shi a doka, dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny, kuma akwai tsofaffi a ƙauyukanmu da iyayensu suka ɗanɗana irinsa wurin yin hanyar mota da ginin bariki.

Shekara ɗaya da rabi bayan wannan doka sai ma'aikatan dogo suka nuna su ma sun san ƙarfinsu. Ran 10 ga Oktoba 1947 ma'aikatan jirgin ƙasa na Afirka ta Yamma ta Faransa, wajen mutum 20,000, suka ajiye aiki, ƙarƙashin jagorancin Ibrahima Sarr. Abin da suke nema a baki mai sauƙi ne: tsarin aiki ɗaya ga Bature da baƙar fata, albashi da gida da kuɗin iyali a kan ma'auni guda. Ba su koma ba sai 19 ga Maris 1948, wata biyar da kwanaki. Daga wannan ne Sembène Ousmane ya rubuta Les bouts de bois de Dieu, 1960, wanda da yawanku kun haɗu da shi a lakwal, kun haddace sunayen mutanen ciki don jarrabawa, kun manta. Ku koma masa yanzu da kuka girma, wallahi wani littafi ne daban. Labarin na yawo tsakanin Bamako, Thiès da Dakar, kuma jirgin kansa kusan ba ya motsi a ciki, abin da ake nunawa shi ne me ke faruwa da gida in hayaƙi ya daina tashi: kanti ya hana bashi, an rufe famfo, an sayar da abin sayarwa, mata sun fita neman abin da za a dafa har sun zama su ne ƙashin bayan yajin. Ramatoulaye da ragon da ta yanka, Penda da ake yi wa kallon banza ta zama jagora, Maimuna makauniya. Sunan littafin ma daga al'adar da muka sani ne: ba a ƙirga mutane kai tsaye don gudun baki, sai a ce itatuwa. Abu ɗaya dai: tattakin mata daga Thiès zuwa Dakar, wanda shi ne ƙololuwar littafin, Sembène ne ya gina shi, kada a ɗauke shi a matsayin rahoton abin da ya faru rana kaza. Mai son tarihin yajin tsantsa ya duba Frederick Cooper, Decolonization and African Society, 1996. A Najeriya ma ƴan reluwe ne suka ja gaba a babban yajin 1945, da Michael Imoudu.

Fina-finai kuwa, gaskiya an cuce mu, namu ba su da yawa. Wanda na fi ba da shawara shi ne na ƙasar Mozambik, Comboio de Sal e Açúcar, wato jirgin gishiri da sukari, na Licínio Azevedo, 2016. Lokacin yaƙin basasa ne, jirgi ya tashi daga Nampula ya nufi iyakar Malawi, mata na ɗauke da gishiri su musanya da sukari, sojoji na rakiya, ana tafiya ana gyara dogon da aka tumɓuke. Duk macen da ta taɓa fatauci a hanya mai shinge za ta gane kanta a ciki, har da tsoron mai rakiyar fiye da ɗan fashin. Akwai The Ghost and the Darkness, 1996, kan zakuna biyu da suka addabi masu gina gadar Tsavo a Kenya a 1898. Yana da daɗin kallo da yara, amma leburorin Indiya da na Afirka da zakunan suka ci an mai da su kamar kayan ado, jarumi Bature ne. La Bataille du rail na René Clément, 1946, baƙi da fari, kan ƴan reluwen Faransa da suka yi wa Jamus zagon ƙasa. Ku kalle shi, sannan ku tuna shekara guda bayan fitowarsa ƴan reluwen Thiès ke roƙon a biya su daidai da waɗancan. Masoya Indiya kuma ba sai na faɗa muku Coolie na Amitabh ba, 1983, ɗan dako mai lamba 786, ko The Burning Train na 1980. Ba tarihi ba ne, amma yawancinmu can muka fara ganin yadda tasha take.

Alhazai, ga naku. Lawrence of Arabia, 1962, duk dogon da ake fasawa a ciki dogon Hijaz ne, wanda Sarkin Musulmin Usmaniyya Abdulhamid na biyu ya sa aka gina daga Dimashƙa zuwa Madina, wajen kilomita 1,300, tsakanin 1900 da 1908, da gudummawar Musulmin duniya. Ya rage tafiyar kwana arba'in ta koma ƴan kwanaki, bai kai Makka ba, yaƙin duniya na farko ya kashe shi. Fim ɗin na tafa wa masu fasawa, ku kuwa kuna iya kallo da wani ido. Kakanninmu masu tafiya hajji ta gabas da ƙafa su ma sun ci moriyar dogo, amma na Sudan: ya kai El Obeid a 1912, ya kai Nyala a 1959, daga nan a hau zuwa bakin Bahar Maliya. Da yawa kuɗin tikitin ne ya tsayar da su noman auduga a Jazira, shekara ta zama goma, goma ta zama zuri'a. C. Bawa Yamba ya rubuta labarinsu cikin Permanent Pilgrims, 1995. Yau kuma, ina jin ƴan Nijar da suka taɓa shiga jirgin ƙasa, mafi yawansu a Saudiyya suka shiga, ko na Mina da Arfa, ko mai gudun nan na Makka da Madina da aka buɗe a 2018.

Sauran abin kallo ba ya cikin waya, yana bakin hanyar Doso. A watan Afrilun 2014 aka yi bikin buɗe tashar jirgi a Yamai, shugabannin Nijar da Benin da Togo suna wurin. Kamfanin Bolloré ya shimfiɗa kilomita 143 zuwa Doso, aka yi wani bikin a Janairun 2016. Ga kuma shari'a a Benin tsakanin Bolloré da kamfanin Petrolin na Samuel Dossou kan wa ke da haƙƙin aikin, ɓangaren Paraku zuwa Gaya bai samu ba, aka bar dogo da ba ya haɗe da komai. Wanda ya bi hanyar ya ga yadda ruwa ya zaizaye ƙasar ƙarƙashinsa a wurare, ya ga awaki na kwance a kai.

Akwai kuma wani abu ƙarami da ba a faɗa a wurin biki, shi ne faɗin dogo, tazarar da ke tsakanin ƙarfe biyun. Na Faransa a Afirka ta Yamma, har da na Yamai zuwa Doso, mita ɗaya ne cif. Tsohon na Ingilishi a Najeriya milimita 1,067. Sabon da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, wanda kamfanin Mota-Engil na Fotugal ke yi daga Kano ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, kilomita 284, shi milimita 1,435 ne. Jirgin ɗaya ba ya hawa na ɗaya. Ke nan ko an wayi gari an ja dogo daga Doso ta Dogon Dutsi da Ƙonni har Maraɗi a kan faɗin Bolloré, sai an sauke kaya an sake lodi, ko a tumɓuke ɗaya a sake.

Da na kai wa yaron nan takardar sunayen, ya duba ya ce duk wannan Ingilishi da Faransanci, ba na Hausa ko ɗaya? Na ce ya sa waya a aljihu ya tafi wurin tsofaffin da suka yi awon gyaɗa, da tsofaffin direbobin Paraku, da matan da suka yi fataucin goro ta Ƙauran Namoda, tun suna da rai, ya ɗauki muryarsu. Ya ce kakarsa ta taɓa hawa daga Nguru zuwa Kano tana amarya, har yau in ta tashi ba da labarin sai ta kwaikwayi kukan jirgin. Na ce da ita zai fara. Mun yi da shi ran Juma'a bayan an sauko masallaci zai zo ya kunna mani abin da ta ce.